Cibiyar Jirgi

Wuta ta kama filafilin farko na jirgin ruwan daidai lokacin da rana ta taɓa tekun Tana Beru, a Indonesiya. Bu Tenri, furodusa, tana tsaye a gaɓa bayan kyamara, ta damƙe hannayenta. Jirgi ɗaya gare su na ƙonawa, don haka ɗauka ɗaya ce. In ta lalace, babu fim.

An riga an zabge duk abin da za a iya zabgewa. Kwalekwalen ceto biyu aka maida ɗaya, rediyon hannu kuwa aka ce tuta ta wadatar. Masu zuba jari a Jakarta suka kira wannan tsimi. Ganganci ne.

Tsarin mai sauƙi ne. Pak Wiryo, jarumin da ke fitowa a tsohon kyaftin, zai tsaya a bakin jirgi, in an ɗaga jar tuta ya faɗa ruwa. Ko kayansa ba a ɓata kuɗi a kansu ba: an kwaikwayi zane da ɗaurin kan Daeng Mattola, dattijon da ya sassaƙa jirgin tun yana da ƙarfi. Shi kam ya ƙi zuwa kallo. Ya ce jirgi yana da cibiya kamar ɗan mutum, ba a ƙone shi sai an buɗe ta ransa ya fita. Bu Tenri ta ce jadawali ba shi da gurbin wannan.

Aka ɗaga tuta. Kyaftin bai ko waiwayo ba. Ya durƙusa, ya shige cikin jirgi.

"Wannan ba ya cikin rubutu," in ji Bu Tenri.

"Bar shi, Bu!" Irsan darakta bai ɗaga ido daga allo ba. "Wata guda yana mana amai a teku kamar mai sabon ciki, sai yau basira ta zo masa. Kada wanda ya yanke!"

Filafili na biyu ya kama. Ta cikin ƙarar wuta ana jin bugun guduma.

"Irsan, tura kwalekwale."

"Ya shigo min hoto? In ya ɓata, ke za ki sassaƙa mana wani jirgin?"

Ta bar zancen kwalekwale. Jarumin yana da inshora, kuma rigar ceto na ƙarƙashin kayansa. Ta ce wa kanta ya san abin da yake yi.

Babban itacen filafili ya tsage, ya rufto kan ƙofar da ya shiga. Bugun ya tsaya. Irsan ya yi kabbara, ma'aikata suka ɓarke da tafi.

Wani ya taɓa kafaɗarta.

"Bu, yi haƙuri, cikin nan ne ya sake riƙe ni a bayi," in ji Pak Wiryo, yana gyara ɗaurin kansa. "Yaushe za a kai ni jirgin?"