Mai Fito da Igiyar Jirgin Teku

To, tunda ka ce ruwa ba baƙonka ba ne, kuma kana ganin raini ne a zaunar da magidanci kamarka ana koya masa riƙon igiya, gyara zama in ba ka wani misali. Ba shi da tsawo.

An yi wani mai fito a wani mashigi na kogin Neja, ya fi shekara ashirin yana ƙetarar da mutane da buhunan albasa. Gwani ne, wannan ba a musu. In kwale-kwalensa ya iso gaɓa, tsalle ɗaya yake yi ya dira, ya naɗe igiya sau biyu a hannun dama, ya kafe dunduniya cikin laka, ya ja. Ko kogi ya cika ya batse, jirgin nan sai ya tsaya masa cak kamar akuyar da ta san mai ita. Da aka yi gada a wurin, fito ya mutu. Sai ya bar iyalinsa ya gangara kudu, ya shiga horon masu aikin hannu a jiragen dakon kaya, irin waɗanda ke bin gaɓar teku daga wannan tasha zuwa waccan. Horon na mako shida ne. Ana koya musu kankare tsatsa da shafa fenti, da sa rigar da ke hana nutsewa, da kashe gobara, sannan babban darasi, ɗaure jirgi in ya iso tasha. Mai koyar da su wani tsoho ne da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a teku, kullum kuma karatunsa ɗaya ne har an gaji da ji: a turken ƙarfe ake naɗe igiya, ba a hannu ba, in kuwa ta fizge, a sake ta ta tafi. Yakan ce, "Igiya in ta faɗa ruwa ma tsamo ta. Hannu fa ba a sayar da shi a kasuwa." Mai fito yana sauraro kamar wanda ake koya wa cin tuwo. A cikinsu akwai wani manomi da bai taɓa ganin ruwan da ya wuce tafkin garinsu ba. Shi wannan, igiya na motsi sai ya yar da ita ya yi baya, mai fito kuwa ya yi ta dariya har da riƙe ciki. Sau biyu tsohon yana kama mai fito da igiya naɗe a hannu. A karo na biyu ya daka masa sanda a bayan yatsu. Mai fito ya ji haushi, ya ce, "Haba Baba, igiya ai ta san hannuna." Tsoho ya ce, "Ta kogi ce ta san shi," ya yi gaba abinsa.

Kada ka ce taurin kai ne kawai, a'a. Ranar jarrabawa ya yi komai daidai, ya ma fi kowa kyawun ƙulli, aka ba shi takarda, aka ɗauke shi aiki tare da manomin nan a jirgi ɗaya mai dakon siminti. Kansa ya haddace karatun tsaf. Hannunsa ne bai shiga aji ba. A tafiyarsu ta farko suka iso wata tasha da rana tsaka, aka jefa igiya ƙasa, mutanen tasha suka rataya ta. Kafin a gama naɗe ta a turken jirgi, sai wani raƙumin ruwa ya ɗaga jirgin ya ja shi baya, igiya ta fara gudu a kan daɓen ƙarfe, fuu! Manomi ya ɗaga hannuwansa sama ya yi tsalle gefe, yadda aka koya masa, don ba shi da wani sanin da ya wuce wannan. Mai fito kuwa bai ma yi tunani ba. Ya cafke ta, ya naɗe sau biyu a hannun dama, ya kafe dunduniya. Yo ina jirgin da ya ɗauko lodin tirela talatin ya san wani na riƙe da shi? Igiya ta ja mai fito har bakin kafar ƙarfen da take bi ta fita, ta wuce da yatsu huɗu. Abin da ya fi ba ni takaici shi ne, jirgin ba inda za shi. Matuƙi ya taɓa inji kaɗan, ya dawo da shi bakin tasha, aka ɗaure, aka fara sauke siminti tun kafin motar asibiti ta iso.

Manomin yana nan har yau yana aikinsa. Mai fito ya yi wata guda a asibiti, aka sallame shi ya koma gida. Yana da shekara arba'in da biyar ya zauna a tsakar gidansa, 'ya'yansa na kallo, yana koyon kai loma baki da hannun hagu.

Ni ban ce ba ka iya ba. Iyawar ce ma nake ji maka tsoro. Tashi ka ɗauki igiyar nan ka naɗe ta a turke yadda na nuna maka, ka yi ta yi har hannunka ya manta da tsohuwar hanya. Ai Hausawa sun gama magana: in kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja.