Baba da Maɓallin "Anjima"

"Baba, ka sake danna 'anjima' ko?" ta ce wa mahaifinta a waya, ranta a ɓace. "Ka bar kwamfutar nan ta sabunta kanta mana! Sakacin nan shi ke kashe mu."

"Yi haƙuri uwata, tsufa ne," in ji shi, yana dariya.

Kullum haka suke: kwamfutarsa ta aiko mata gargaɗi, ta kira ta zazzaga faɗa. Da ta gaji, daga ofishinta ta saita kwamfutar ta daina tambayarsa. Ta huta.

Wata guda babu gargaɗi, babu kira. Sai ga saƙonsa: "Uwata, yaya ake mayar da ita yadda take? Tun da kika gyara ta ban ƙara jin muryarki ba."