Ɗamarar Kwana Arba'in

A zamanin nan da asibiti ba ta sallamar mai karayar haƙarƙari sai da ɗamara a ƙirji, Malam Cindo ya cika kwana arba'in da tasa. Ɗamarar ba ta barin dariya, balle kuka. Da ƙirji ya fara tasowa sai ta yi sanyi, zuciya ta kwanta, ko mai ita bai so ba.

Motar da ta karya masa haƙarƙari uku ita ta kashe matarsa Gaje. Aka yi zaman makoki yana amsa gaisuwa ido a bushe, har danginta suka fara ƙus-ƙus.

Ranar sadakar arba'in ya bar jama'a a ƙofar gida, ya tafi asibiti a kwance masa ɗamarar.

"Baba, ƙashi ya haɗe sarai," in ji ma'aikaciyar jinya tana naɗe ɗamarar. "Yanzu ko dambe kake so, bismilla."

"'Yar nan, kuka fa? An sake mini?"

"An sake, Baba."

Ya fita ya zauna a benci, ya cire hula, ya jira. Ya tuno yadda Gaje ke cire masa ƙayar kifi tana mita. Shiru. Ya danna haƙarƙarin da yatsa ko ciwo zai taimaka, ya tarar ya warke. Har aka kira la'asar idonsa ƙamas.

Ya koma ya leƙa ɗakin.

"'Yar nan, kafin ki ɗaura wa wani, zazzage mini ita. Kukan Gaje na ciki."