Hantar da Ta Ƙi Narkar da Magani

Ya sake ɗiga maganin a kan ƙwayoyin hantar da ke cikin ɗan faranti, na'ura ta sake nuna masa ko rabi ba su narkar ba. Aikinsu ke nan a ɗakin gwajin, su ga yadda hantar mutum ke sarrafa sabon magani kafin a ba marasa lafiya.

Ya ja tsaki. "Wannan ai hantar mashayi ce! Ya gama kashe ta da kwalba, sannan ya ba mu sadakar saura."

Abokan aiki suka kwashe da dariya, ban da shugabarsu da ke tsaye a bayansa.

"Ban taɓa sha ba, ƙanena," ta ce a hankali. "Ƙari ne ya fito mini a hanta. Da likitoci suka yanke, na roƙa a kawo mana ragowar, kada ta tafi a banza."

Dariyar ta mutu. Sai yanzu ya gane dalilin dogon hutun da ya yi ta tseguminta a kai. Ya kasa ɗaga ido.

Ta jawo kujera ta zauna kusa da shi. "Sake gwadawa. Ni ma maganin nan nake jira."