Hannuwan da Aka Hana Ƙirga

Duk layin an san 'yar Tela da lissafi. Shekararta shida, tana aji ɗaya, amma in ka ce "takwas da bakwai", kafin ka rufe baki ta ce "sha biyar". Uban ne ya haddatar da ita a shago, yana taka keke yana jefo tambaya. In ta ɗaga yatsu za ta ƙirga, sai ya ɗana mata rula a bayan hannu, don a ganinsa ƙirga da yatsa aikin daƙiƙai ne. Duk wanda ya kawo ɗinki kuwa, ko yana sauri, sai ya tsaya an gwada masa kwanyar yarinya.

Kwatsam sai ga takarda daga makaranta: in ba a tashi tsaye ba, yarinya za ta maimaita aji, kuma lissafi ne ya kayar da ita. Tela ya karanta sau uku, ya duba ko sunan wata ne. Washegari ya rufe shago ya tafi da shirin faɗa.

Malamar ajin ba ta yi musu da shi ba. Ta ba shi ɗan benci a baya, ya zauna gwiwoyinsa sun kusa taɓa haɓa.

Abin da ya gani ya ƙara ɗaure masa kai. Wannan aji ne ko bola? Murafen kwalba, tsinken ashana, tsakuwa. Wata ta jera murafe biyar, ta ƙara biyu, tana taɓa kowanne tana motsa baki. Wata yatsun hannu suka ƙare mata, ta cire takalmi ta ci gaba da na ƙafa. Wani ya yi kuskure, ya watsa ya sake daga farko, Malama na kallo ba ta tsawata masa ba. 'Yarsa kaɗai ce ta zauna a kan hannuwanta.

Malama ta zuba mata murafe tara. "Cire huɗu ki ba ƙawarki. Nawa suka rage miki?"

Yarinya ta kalli murafe, ta waiwayi uban. "Tara da huɗu sha uku."

"A'a, cirewa za ki yi. Ga su nan gabanki."

"Tara da biyar sha huɗu. Tara da shida..."

"Kawo hannunki in nuna miki," in ji Malama a hankali.

Yarinya ta runtse ido, ta miƙa bayan hannu, ta maƙale kafaɗa tana jiran duka. Tela ya ji kunya da tausayi sun rufe shi lokaci guda.

Da aka fita hutun ƙarfe tara ya ce, "Malama, ni fa ban gane ba. A gida ba ta taɓa kuskure. Ko dai tsoronki take ji?"

"Malam, waƙar ta iya, ba lissafin ba. Ta san sunan tara, ba ta san yawan tara ba. Yaro da hannu yake fara ganewa kafin kai ya karɓa. Kai in za ka yanka yadi, da ka kake aunawa?"

Tela ya koma gida yana juya maganar a ransa.

Sati uku ya rage a yi jarrabawa. Ya jefar da rula, ya cika gwangwani da murafe, ya yi ta lallashi. Amma da ya zuba su a tabarma sai ta ɓoye hannu a baya ta hau karanto hadda. Abin da aka yi shekara ana dasawa bai ciru a sati uku ba.

Ta maimaita aji, ƙawayenta suka wuce. Yanzu da an shiga darasin lissafi sai ta ce cikinta na ciwo, ta kifa kai a tebur har a tashi. Tela kuwa yakan tsayar da keke a tsakiyar ɗinki ya yi tagumi, yana tambayar matarsa, "Ni da na so ta fi kowa, yaya aka yi haka?"

Iyaye, hadda ba ita ce ganewa ba. Ku bar yaro ya ƙirga da yatsu da tsakuwa, ya yi kuskure ya gyara, kuma ku riƙa leƙa ajinsa tun kafin a aiko muku da takarda.