Dokar Ɗakin Baba Kafinta

Ranar da likita ya ja 'ya'yan Baba Kafinta gefe ya shaida musu cewa ciwon ya gama cin hantarsa, babu sauran magani sai na rage raɗaɗi, suka dawo da shi gida suka kafa doka. Babu mai kuka a ɗakinsa, babu mai ambaton mutuwa. Babban ɗansa, wanda ƙannensa ke kira Yaya Babba, shi ya kafa ta, kuma a gidan in ya yi magana ta zauna daram.

Sun manta Baba ba yaro ba ne. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ƙwanƙwasa katako don ya gane wanda gara ta ci ta ciki, ta yaya za a ɓoye masa halin da jikinsa ke ciki? Ya sani sarai, kuma tsoro yake ji. Abu ɗaya yake so: wani ya zauna a gefen gadonsa ya bar shi ya faɗi tsoron nan, ya tuna masa rahamar Ubangiji.

Amma da ya buɗe baki ya ce, "In na tafi," sai a taru a kansa kamar ya yi saɓo. Wannan ta ce Allah ya sawwaƙe, wancan ya ce ai jiki ya yi kyau yau. Auta, 'yarsa ta ƙarshe, har sabon takalmi ta sayo ta ajiye masa a ƙarƙashin gado, wai na ranar da zai miƙe. Mutumin da ko kofin ruwa ba ya iya riƙewa! 'Yan dubiya kuwa su cika ɗakin da hirar ƙwallo da tsadar kaya, su ce masa ya tashi haka nan ya bar lalaci, su yi dariya su fita.

Mutum ɗaya ne bai bi dokar ba, tsohon abokinsa Mai Agogo, wanda shagonsa ke jikin na Baba, sahunsu ɗaya a masallaci tun suna samari. Ya shigo wata ranar da hantsi, ya jawo kujera, ya riƙe hannunsa ya tambaye shi ko yana jin tsoro. Baba ya ce yana ji. Suka yi maganar tuba da gafara, Mai Agogo ya karanta masa abin da ya sawwaƙa, Baba ya yi kuka har haƙarƙarinsa na rawa. Ranar ya yi barcin da ya daɗe bai yi irinsa ba.

Yaya Babba bai ga barcin ba, hawayen ya gani. Washegari ya tare tsohon a bakin ƙofa.

"Baba Mai Agogo, ka yi haƙuri. Mu muna ƙoƙarin ƙarfafa masa gwiwa, kai kana zuwa kana karya masa zuciya. Ka bari sai ya ji sauƙi."

Tsohon ya ce masa kukan nan ba na ɓacin rai ba ne, amma ina, an riga an turo ƙofa. Bai yi fushi ya daina zuwa ba. Kullum zai rufe shago ya zo ya zauna a kan bencin ƙofar gida, bencin da Baba ya haɗa da hannunsa, a ce masa mai jiki yana barci. Baba kuma in ya tambaya, a ce masa abokinsa aiki ya yi masa yawa. Wannan ƙaryar ta fi ciwon cin ransa. Ya juya fuskarsa bango, ya rage magana, 'ya'yan suka ce alhamdu lillahi ya daina zancen banzan nan.

Ranar da abin ya zo, bayan la'asar ne. Yaya Babba ya tafi kantin magani, Auta kaɗai ke ɗakin, talabijin na ta surutu a kansu. Numfashin Baba ya sauya. Ya damƙe hannunta, idanunsa na yawo a ɗakin kamar mai neman wani, leɓɓansa na motsi. Ta ruɗe. Ba ta tuna kalmar shahada ba, ba ta tuna akwai wani zaune a ƙofar gida ba. Abin da aka saba wa bakinta shi ya fito.

"Za ka warke, Baba. Wallahi za ka warke."

Ita ce magana ta ƙarshe da ya ji a duniya.

Da kukan mutuwa ya tashi a gidan, sai ga Yaya Babba ya dawo da ledar magani, ya leƙa ɗakin, ya fito da gudu ya kama hannun Mai Agogo, wai ya shigo ya yi wa Baba addu'a. Tsohon ya shiga, ya kashe talabijin, ya rufe wa abokinsa ido. Sannan ya dubi Yaya Babba.

"Addu'a zan yi masa har in bi shi. Amma shi so ya yi ya ji ta da kunnensa, kuka hana shi."

Har yau Auta ba ta iya wucewa ta ƙofar ɗakin nan ba tare da ta tuna cewa da rantsuwar ƙarya ta sallami mahaifinta ba. Ba laifinta ba ne ita kaɗai, haka aka koya mata.

Jama'a, mu ji tsoron Allah. Yawancin "za ka warke" da muke cusa wa mai jinyar ajali, tsoron kanmu muke lallashi da ita, ba nasa ba. In mara lafiya ya so maganar mutuwa, ku zauna ku saurare shi, ku tuna masa rahamar Allah, ku bar masa wanda zuciyarsa ke natsuwa da shi. Ku yi masa haka tun kunnensa na ji.