Doguwar Ƙwallon Jelani

Jelani ya zazzage akwati, ya leƙa ƙarƙashin gado. Babu ƙwallon.

Da ita ya dawo Sakkwato bayan karatunsa a Ostireliya: jar fata, doguwa kamar ƙwai, wadda ake cafewa da hannu a harba da ƙafa. Wata takwas yana lallashin abokansa kafin su yarda su koyi wasan. Yau suna filin Dundaye suna jiransa, kuma duk garin babu irinta.

"Inna, kin ga ƙwallona?"

Mahaifiyarsa ta fito tana murmushi, hannuwa a baya.

"Kullum kana bin ta tana tsalle a karkace, tausai ya kama ni. Lalatatta anka saida maka, ɗana. Na kai ta ga Siddiƙu baduku."

Ta miƙo masa. An farke ta, an sake ɗinkewa, ta mulmule tsaf.

Jelani ya buɗe baki, sai ya ga murnar da ke fuskarta.

"Allah shi saka, Inna."

A fili, abokan na hango ta suka ɗau sowa: "Yauwa! Yau kaz zo da ƙwallon gaske!"